Farfesan aikin jinya bayan ritaya: ya zauna a kan kwantiragi ko ya koma gefe?

Malamar_Jinya:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka riga ni ajiye aiki, da ma waɗanda ke kan hanya, su taimaka mini da shawara. A ƙarshen wannan shekarar karatu wa'adina zai cika a jami'ar da nake koyar da aikin jinya, kuma shugaban sashenmu ya nemi in zauna a kan kwantiragi, domin akwai ɗaliban digirin digirgir da ba su kammala ba, ga shi babu wani mai matsayin farfesa da zai karɓe su nan kusa. A ɗaya ɓangaren kuma 'ya'yana suna cewa ya isa haka, in dawo gida in huta. Mu malaman jinya sana'a biyu muke riƙe da su, koyarwa da kuma jinyar kanta. Na san ritaya za ta raba ni da aji da ofis, amma ban san matsayin da za ta bar ni a kai game da ta biyun ba. Shin in sabunta lasisina ko in bar shi ya ƙare? Waɗanda suka bari gaba ɗaya, sun yi da-na-sani? Waɗanda suka zauna kuma, sun ga amfanin zaman?

Dattijon_Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a gama lafiya, Farfesa. Ni na karɓi irin wannan kwantiragi, kuma shawarata ita ce ki karɓa, amma da sharuɗɗa a rubuce. Ki ce aikinki duba kundin binciken ɗaliban da ke hannunki ne kawai, babu shugabancin kwamiti, babu haɗa sakamakon jarrabawa, babu zaman majalisar dattawan jami'a. Idan ba a rubuta haka ba, kafin ki ankara za ki tarar duk aikin da kike yi a da ya dawo kanki, albashin kuwa ya ragu. Dalilin da ya sa nake goyon bayan zaman shi ne, canza wa ɗalibin digirin digirgir malami a tsakiyar aiki babbar cuta ce. Sabon malami yakan zo da tasa fahimtar, ya ce a sake tsara tambayoyin bincike ko a sake tattara bayanai, kuma a fanninmu tattara bayanai yana nufin komawa gaban kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti domin neman sabon izini, abin da kan cinye watanni da dama. Ki fitar da waɗanda ke hannunki, kada ki ɗauki sababbi, sannan ki tafi da kwanciyar hankali.

Ƙaramin_Lakcara:
Ina neman afuwar iyayenmu malamai, domin abin da zan faɗa yana iya yin ɗaci. Mu da muke ƙasa muna ganin wannan lamari ta wata fuskar daban. Duk lokacin da aka ba wanda ya yi ritaya kwantiragi, hukumar jami'a takan ɗauka cewa gurbin a cike yake, sai ta daina neman wanda zai gaje shi. Ana kuma ƙara wa malami girma ne bisa abubuwan da suka haɗa da yawan ɗaliban da ya duba wa bincike, to idan manya suka ci gaba da riƙe ɗaliban, yaushe za mu sami namu? Maganar cewa babu farfesan da zai karɓa ita kanta abin tambaya ce. Farfesa ya san ranar ritayarsa tun ranar da ya kama aiki. Idan ranar ta zo sashe ba shi da magaji, akwai aikin da ya kamata a yi shekaru goma da suka wuce wanda ba a yi ba, kuma kwantiragi jinkirta matsalar kawai yake yi.

Ummu_Ɗalibai:
Ɗana Ƙaramin_Lakcara, maganarka tana da gaskiya a cikinta, amma ka ɗora wa manya laifin da ya fi ƙarfinsu. Ƙarancin malaman jinya matsala ce ta duniya baki ɗaya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 kan halin da aikin jinya ke ciki ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9, ana kuma buƙatar ƙarin miliyan 5.9, sannan kusan ɗaya cikin shida na waɗanda ake da su sun kai shekara 55 ko fiye. Ba a cike wannan giɓi sai da malamai, kuma malamin jinya ba ya samuwa da wuri. Mai karatun lissafi yana iya wucewa daga digiri na farko zuwa na uku ba tare da ya tsaya ba. Namu kuwa yawanci sai ya yi shekaru a ɗakin marasa lafiya, wata ma sai ta haɗa da karatun ungozoma, kafin ta shiga jami'a a matsayin malama, don haka tana kai wa ga farfesa ne ritaya tana gab da ƙwanƙwasa ƙofa. Ka kuma tuna fannin sabo ne a jami'o'i idan aka kwatanta da likitanci. A Najeriya, misali, sai a 1965 aka buɗe sashen jinya na farko a matakin digiri, a Jami'ar Ibadan, kuma digirin digirgir a fannin ya biyo baya ne da nisa. Sashen da ba shi da magaji sau da yawa ya horar da magajin ne, aka yi masa tayin aiki a wata ƙasa ya tafi.

Nas_Mai_Karatu:
Wannan batu na tafiyar waɗanda aka horar gaskiya ne. A sashen da na yi karatu, malaman da ake sa ran su gaji manya sun watse kafin manyan su ajiye aiki.

Tsohon_Nas:
Bari in taɓa tambayar lasisi, domin na ga an bar ta a baya. Farfesa, shawarata ki sabunta shi aƙalla sau ɗaya bayan ritaya, har sai kin ga yadda rayuwar za ta zauna. Barin lasisi ya mutu abu ne mai sauƙi, dawo da shi ne wahala, domin hukumomi da dama sukan buƙaci mutum ya sake yin kwas na komawa aiki idan ya daɗe a waje. A Birtaniya ana sabuntawa duk shekara uku, kuma sai mutum ya nuna ya yi sa'o'i 450 na aiki da sa'o'i 35 na ƙarin ilimi, amma koyar da jinya da bincike suna shiga cikin lissafin aikin. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar, sai ki tambayi hukumar da ta yi miki rajista. Kada mu manta da abin da ya faru a watan Maris na 2020, lokacin da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta buɗe rajista ta wucin gadi domin waɗanda suka bar aiki su dawo su taimaka a annobar korona. Sai dai akwai gaskiyar da dole mu faɗa wa kanmu. Takardar lasisi ba ta mayar wa hannu ƙwarewarsa. Wanda ya yi shekara ashirin a aji bai sa wa kowa ƙarin ruwa ba, kuma na'urori da ma'aunin magunguna sun canza, bai kamata ya shiga ɗakin marasa lafiya yana dogaro da muƙaminsa ba. Lasisin zai yi miki amfani ne wajen koyarwa, jarraba ɗalibai, da zama cikin tawagar tantance makarantu.

Hajiya_Mai_Hutu:
Ni ce wadda ta bari gaba ɗaya, don haka zan amsa wannan ɓangaren. Watannin farko sun yi daɗi ƙwarai, babu ƙararrawar agogo, babu tulin takardun jarrabawa. Bayan nan sai wani irin kaɗaici ya sauko wanda ban taɓa sanin irinsa ba. Wayar da a da ba ta hutawa ta yi shiru, kuma na gane cewa mafi yawan mutanen da nake hira da su aiki ne ya haɗa mu. Wani masanin harkokin tsufa ɗan Amurka, Robert Atchley, ya bayyana wannan tun a shekarun 1970, inda ya ce mai ritaya yakan bi ta matakai: murnar farko, sai sanyin jiki, sai sake lalubo alkibla, sannan zama a kan sabon tsari. A wurin malamin jinya matakin na biyu yana da zafi na musamman, saboda duk rayuwarmu an gina ta ne a kan cewa wani yana buƙatarmu a yanzu-yanzu. Duk da haka ban yi nadama ba. Abin da ya fitar da ni shi ne na tsara wa makona ayyuka masu rana da lokaci, ciki har da koyar da matan da ke kula da tsofaffin iyayensu yadda ake juya mai kwanciya duk sa'o'i biyu domin kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda ake ciyar da wanda haɗiya ke yi masa wuya. Babu wanda ya ba ni takardar yabo a kan wannan, amma ina ganin sakamakonsa da idona.

Mai_Lissafi:
Kowa yana maganar zuciya, ni kuma zan yi ta aljihu, domin ita ce take yanke wa mutane da yawa hukunci ba tare da sun faɗa ba. Kafin ki sa hannu a kan komai, Farfesa, ki san ainihin abin da zai riƙa shigo miki duk wata, da kuma tsawon lokacin da za ki jira kafin fansho ya fara fitowa, domin tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan sami rata mai tsawo. Tsarin fansho iri biyu ne a duniya: wanda gwamnati ko ma'aikata ke yi wa mutum alkawarin wani kaso na albashinsa har ƙarshen rayuwa, da wanda ake tara masa kuɗi a asusu, abin da ya taru shi ne nasa. Najeriya ta koma na biyun da dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, ma'aikatarsa kuma kashi 10. A irin wannan tsari mutum yakan zaɓi ko a riƙa cire masa daga asusunsa a hankali, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ya rasu, kuma kowanne yana da nasa haɗarin. Malamin jinya da ya fara aiki a asibiti sannan ya koma jami'a ya tabbatar an haɗe masa shekarun aikinsa na wuraren biyu. Ki kuma tambaya ko inshorar lafiyarki za ta bi ki bayan ritaya, domin a wurare da yawa tana yankewa ne daidai lokacin da mutum ya fi buƙatarta.

Dattijon_Tsangaya:
Mai_Lissafi ya kawo abu mai muhimmanci. Zan ƙara da cewa shekarun ritayar ma sun bambanta, shi ya sa shawara ɗaya ba za ta dace da kowa ba. A Najeriya dokar 2012 ta kai shekarun farfesa zuwa 70. A Amurka tun 1994 aka daina tilasta wa farfesoshi masu tabbataccen gurbi yin ritaya saboda shekaru, Birtaniya ma ta soke ƙayyadadden shekarun ritaya na bai ɗaya a 2011. Wanda ya bari yana da 60 da wanda ya bari yana da 70 ba ƙarfi ɗaya suke fita da shi ba.

'Yar_Farfesa:
Ni ba malama ba ce, mahaifiyata ce ta yi wannan aiki, kuma ina so in faɗi abin da mu 'ya'ya ba ma lura da shi idan muna cewa a dawo gida a huta. Mahaifiyata ba ta huta ba. Tun da dangi suka ji ta ajiye aiki, duk wanda ba shi da lafiya wurinta ake kawo shi, duk wanda aka kwantar a asibiti ita ake so ta kwana da shi, saboda ita ce ta san kan abin. Da mahaifinmu ya sami shanyewar ɓarin jiki, mu kanmu muka bar mata ɗawainiyar, har ciwon baya da hawan jini suka kama ta, ita da ta yi shekaru tana gargaɗin ɗalibai a kan gajiyar mai jinya. Ina roƙon 'ya'yanki, Mama, idan da gaske hutu suke so miki, su zauna tun yanzu su raba aikin kula da marasa lafiyar gida a tsakaninsu.

Tsohon_Nas:
Allah ya ba mahaifinki lafiya, ya saka wa mahaifiyarki da alheri. Abin da kika faɗa yana da wani ɓangare na doka da ɗa'a wanda ya kamata a sani. Mai ritaya da ake zuwa wurinsa da takardar gwaji ko kwalin magani yana cikin tsaka mai wuya, domin ba shi da fayil ɗin mara lafiyar, ba shi da kayan gwaji, kuma babu wata ma'aikata da za ta tsaya masa idan abu ya ɓaci. Iyakar da na sa wa kaina ita ce in yi bayanin abin da likita ya rubuta, in nuna alamomin da ke buƙatar gaggawa, in kuma ce a koma asibiti. Ba na canza wa kowa magani. Wasu suna jin haushi, amma mutuncin da aka tara a tsawon aiki kuskure ɗaya yana iya rushe shi.

Malamar_Jinya:
Na gode ƙwarai, na karanta kowace amsa a tsanake. 'Yar_Farfesa, zan nuna wa 'ya'yana abin da kika rubuta. Ƙaramin_Lakcara, maganarka ba ta ɓata mini rai ba, hasali ma ita ce ta fi tsaya mini. Tunanin da nake yi yanzu shi ne, idan na zauna, kowane ɗalibi a haɗa ni da wani ƙaramin malami mai digirin digirgir mu duba tare, sunansa yana kan kundin, ta yadda ɗalibin zai gama, malamin kuma ya sami abin da zai gabatar lokacin ƙarin girma. Amma har yanzu ban yanke ba, domin maganar Hajiya_Mai_Hutu ta sa na tambayi kaina ko ɗaliban nake tausayi ko kuwa shirun wayar nake tsoro. Akwai kuma wata tambaya: me kuka yi da littattafanku da takardun bincike na shekaru?

Mai_Adana_Tarihi:
Game da takardu, a raba su gida biyu. Bayanan da aka karɓa daga marasa lafiya ko mahalarta bincike amana ce, ba a tafiya da su gida, a bi ƙa'idar kwamitin ɗa'a wajen adana su ko lalata su. Amma tsofaffin manhajoji, rahotannin tantancewa, hotunan yaye ɗalibai da rubutun darussa, waɗannan tarihin fanni ne, a miƙa su ga ɗakin karatu tare da bayanin abin da ke ciki. Tarihin aikin jinya a ƙasashe da dama yana ɓacewa ne saboda waɗanda suka kafa sassan sun tafi ba wanda ya zauna ya ɗauki maganarsu. Rubutu kuwa shi ne aikin da ritaya ta fi dacewa da shi. Virginia Henderson, malamar jinya 'yar Amurka wadda aka haifa a 1897 ta rasu a 1996, ta jagoranci haɗa fihirisar binciken jinya mai juzu'i huɗu a Jami'ar Yale, kuma ta kai shekara 80 lokacin da sabon bugun babban littafinta na koyar da jinya ya fito a 1978. Kofoworola Pratt, wadda ta zama babbar jami'ar jinya ta Najeriya a 1965, bayan ta bar wannan kujera ta riƙe kwamishinar lafiya ta Jihar Legas a shekarun 1970. Akwai kuma aikin da har yanzu yake jiran masu hannu, wato rubuta littattafan kula da mara lafiya a harsunan da marasa lafiyar da danginsu suke magana da su.

Hajiya_Mai_Hutu:
Malam Mai_Adana_Tarihi, ina girmama waɗannan mata, amma ina tsoron a mayar da su ma'aunin da za a riƙa auna kowa da shi. Akwai wadda ta fito daga aiki da ciwon gwiwa da na baya, sakamakon shekarun ɗaga marasa lafiya da aikin dare tun kafin ta zama malama, kuma idan ta zaɓi ta zauna da jikokinta ba ta ci amanar kowa ba. Mu ma'aikatan jinya mun fi kowa sakaci da lafiyar kanmu. Mun san shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a yi motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da atisayen daidaita tsayuwa sau uku a mako domin rage faɗuwa. Mun koyar da wannan, mun sa shi a jarrabawa, amma nawa ne daga cikinmu suke yi? Farfesa, kafin ki amsa wa shugaban sashe, ki je a yi miki cikakken gwaji, ki zauna a kujerar mara lafiya ki saurari abin da za a gaya miki.

Ummu_Ɗalibai:
Akwai hanya ta tsakiya da ba a ambata ba, wato muƙamin farfesa na karramawa da ake kira emeritus. Yawanci majalisar dattawan jami'a ce ke amincewa da shi, ba kowa ake ba ba, kuma a mafi yawan wurare babu albashi a ciki, don haka ba ya tare wa kowa gurbi. Amfaninsa shi ne mutum yana riƙe da alaƙarsa da jami'a, da adireshin imel, da damar shiga mujallun bincike ta ɗakin karatu. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar da aka rufe wa mutum wannan ƙofa, bin sababbin bincike yakan yi masa wuya, kuma ilimin jinya ba ya tsayawa jiran kowa.

Ƙaramin_Lakcara:
Farfesa, tsarin dubawa tare da kika kawo ya fi abin da muka saba gani, kuma da za a yi haka da na rage ƙorafi. Amma ina nan a kan bakana game da abu ɗaya: a sa ranar ƙarewa a cikin kwantiragin, kuma a tallata gurbin tun yanzu. Na ga inda kwantiragin shekara ɗaya ya yi ta sabuntuwa har waɗanda ke jira suka gaji suka nemi aiki a wani wuri.

Ɗalibar_Digirgir:
Ina cikin irin ɗaliban da ake magana a kansu, ko da yake a wata jami'ar nake. Malamata ta yi ritaya ina tsakiyar nazarin bayanaina, kuma dokar makarantarmu ba ta yarda wanda ba ma'aikaci ba ya zama babban mai duba kundi, sai dai mataimaki. Wanda aka ba ni mutumin kirki ne, amma bincikena hira ce da masu jinyar tsofaffi a gida, shi kuwa ƙwarewarsa a kan ƙididdiga ce, don haka har yanzu tsohuwar malamata nake aika wa babi-babi tana karantawa ba tare da ana biyanta ko sisi ba. Ina so in tambayi Dattijon_Tsangaya da Ummu_Ɗalibai: a jami'o'inku, mai muƙamin karramawa yana da ikon sa hannu a kan kundi a matsayin babban mai dubawa, ko shi ma sai an haɗa shi da wanda ke bakin aiki?